Hunturu da ƙaramar mesa: a kula da danshin akwatinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka don jan hankalin masu kiwon ƙaramar mesa, wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma daga Gana da Togo da Binin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Wannan ne ya sa wasu ke zaton tunda 'yar gida ce, iskarmu ba za ta dame ta ba. Sun manta a daji ba a sarari take wuni ba, cikin suri take ko ramin gafiya, inda laima ba ta ƙarewa.

Abin da take buƙata a akwatinta shi ne danshin iska kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, ya kai 70 ko ya ɗan haura lokacin saɓa. A Kano ko Damagaram kuwa, tsakiyar hunturu danshi kan sauka ƙasa da kashi 20. Ga kwan fitilar ɗumama akwati, ga na'urar sanyaya ɗaki, duk busar da iska suke yi.

A fara da awo, kada a yi kirdado. A sayi ma'aunin danshi mai batir, a ajiye shi kusa da shimfiɗa, wato abin da aka zuba mata a ƙasan akwatin. Ana gwada gaskiyarsa da gishiri: a cika murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin cikin leda ya kwana. Ya kamata ya nuna 75.

Yayyafa ruwa da safe, wanda shi kowa ke yi, yaudarar kai ne. Ma'auni zai tashi na ɗan lokaci ya sake faɗuwa, saman shimfiɗa kuma ya jiƙe, nan ne mesar ke kwanciya. Danshin da ke daɗewa daga ƙasa yake tasowa. A zuba dakakken ɓawon kwakwa mai kaurin santimita 8 zuwa 10, a tsiyaya kofi ɗaya ko biyu na ruwa a kusurwoyi, ƙasan ya sha, saman ya zauna a bushe. In an damƙi na ƙasan ya haɗe amma ruwa bai ɗiga ba, ya yi daidai. Garin katakon kafinta a bar shi, yana da ƙura, wani icen kuma mansa na cutar da numfashinta. Idan murfin akwatin na raga ne, a rufe kashi uku cikin huɗu da gilashi ko roba, nesa da fitila, a bar sauran don iska. Kwanon ruwa ya zama mai faɗi, a matsar da shi wajen ɓangaren akwatin da ake ɗumamawa, wanda bai kamata ya wuce digiri 32 ba. Kaskon ƙasa da aka fasa masa ƙofa aka kife kan ɗanyen ɓawon kwakwa maɓoya ce mai kyau, don yumɓu na riƙe laima.

Saɓa ita ke tona asirin mai kiwo. Lafiyayyar mesa kan tuɓe fatarta gaba ɗaya. In ta fito gutsi-gutsi, danshi ya gaza. Ragowar da ta maƙale a ƙarshen wutsiya kan shaƙe jini har wurin ya mutu. A saka ta cikin roba mai ruwa tsam-tsam, zurfinsa kada ya wuce rabin kaurin jikinta, minti 20, sannan ta ratsa cikin jiƙaƙƙen tawul. Wadda ta rage a ido kada a ɓamɓare ta da farce, a kai wa likitan dabbobi.

Da damina lissafin ya juya. A watan Agusta sai a buɗe ragar, a rage zuba ruwa, a kwashe duk inda ya yi fumfuna. Jajayen tabo ko ƙuraje a cikinta alamar kwanciya ce a jiƙa. Kumfa a baki da numfashi mai shessheƙa kuwa, wannan na asibiti ne, ba a kwana da shi.

Wassalam,
Wasu masu kiwon dabbobi, Kano