Kada a yar da lambar kunnen saniya

Assalamu alaikum ƴan uwa mahauta da dillalai. Don Allah duk saniyar da ta shigo kwata da lamba a kunne, kada a yanke lambar a jefar. Jiya na tsinci guda uku cikin jini a bakin magudana, raina ya ɓaci.

A rubuta lambar kafin yanka, a maƙala ta jikin naman har likitan dabbobi ya gama duba huhu da hanta, sannan a haɗa da nauyinsa. In aka ga tarin fuka, da lambar za a gano garken da saniyar ta fito. Irin wannan bibiyar ce ta sa Botswana ke sayar wa Turai nama.

Littafin da za a rubuta lambar a ciki yana wurin Sarkin Fawa.