Jazira ta Sudan ba fagen yaƙi kaɗai ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Tun da mayaƙan RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga Wad Madani, babban birnin Jazira, a watan Disamba na 2023, har sojojin Sudan suka ƙwato garin a Janairun 2025, jaridunmu ba sa ambaton Jazira sai a matsayin fagen fama, alhali yankin yana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan ayyukan noman rani na duniya. Ina roƙon ka ba ni fili in bayyana yadda aka gina wannan aikin, da abin da ya daɗe yana cin sa tun kafin a harba harsashi na farko.

Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, a kudu da Khartum. Abin da injiniyoyin Ingila suka lura da shi shi ne ƙasar tana da ɗan gangare daga kudu zuwa arewa, wanda ido ba ya gani amma ruwa ya san da shi, kuma ƙasar baƙar laka ce mai riƙe ruwa, saboda haka ba sai an shafe hanyoyin ruwan da siminti ba. Sun fara gwaji da injin ban ruwa a Tayyiba a 1911, sannan suka kammala madatsar Sinnar a kan Shuɗin Nilu, mai tsawon kusan kilomita 3, a 1925. Madatsar tana ɗaga ruwan kogin ne har ya kai bakin babbar hanyar ruwa, daga nan ya gangara da kansa zuwa gonaki ba tare da an ƙona man fetur ba. Ba don Allah Turawan suka yi ba, auduga suke nema wa masaƙun Lankasha da ke Ingila.

Rabon ruwan shi ne abin da ya fi burge ni. Babbar hanya tana zuba wa manyan rassa, su kuma su zuba wa ƙanana, daga ƙananan ruwa ya shiga lambatun da manoma ke kira Abu Ishirin, sannan Abu Sitta ya kai shi cikin hawasha, wato gonar manomi guda. Da yake ba a son manomi ya yi ban ruwa cikin duhu, sai aka tsara ƙananan rassan su zama ma'ajiya: a rufe ƙofofi da yamma, ruwa ya taru cikin dare, a buɗe da safe. An fara da fadan 300,000 (fadan ma'aunin fili ne, ya ɗan ɗara eka guda), kuma bayan yarjejeniyar rabon ruwan Nilu da Masar ta 1959 da ta ba Sudan kubik mita biliyan 18.5 a shekara, da faɗaɗa aikin zuwa yankin Manakil, da gina madatsar Rusairis a 1966, filin ya haura fadan miliyan 2.

To, a wannan dabarar ta ajiyar dare ne cutar take. Shuɗin Nilu yana saukowa daga tsaunukan Habasha da damina jawur da laka, kuma duk inda ruwa ya tsaya laka sai ta kwanta. Da aka ƙara noman alkama da gyaɗa, aka riƙa janyo ruwa mai yawa a lokacin da kogin ya fi dauɗa, sai rassan suka fara cikewa, ciyawa ta tsiro a kan lakar, manomin da ke bakin reshe ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen reshe kuwa dawarsa ta bushe yana kallo. Kuɗin yashewa ya riƙa raguwa, dokar aikin Jazira ta 2005 kuma ta ɗora wa ƙungiyoyin manoma nauyin kula da ƙananan rassan da ba su da kayan aikin ɗauka. A ganina wannan ne ya durƙusar da Jazira, yaƙi ya zo ne ya tarar da ita a durƙushe.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya zauna da jama'arsa a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, kuma Hausawa da Fulani da Barebari masu hanyar Makka sun ba da gumi sosai wajen cirar auduga. Jikokin da yawa daga cikinsu har yau suna zaune a unguwannin leburori da ake kira kambo, ba su da hawasha ko ɗaya.

Saboda haka ina roƙon idan wakilanku za su sake kawo labarin Jazira, su tambayo mana halin da ƙofofin ruwa na Sinnar ke ciki, da wanda zai biya kuɗin yashe rassan, da kuma ko mutanen kambo za su samu rabo idan an koma gona.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Kano