Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Ruwa: wa zai biya ruwan da ƙasa ta shanye?

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto maka a fili ne don ba ni kaɗai wannan abu ya sama ba. Duk wanda ya taɓa bin layi a ofishin karɓar koke ya ga irinmu: mutum riƙe da takardar kuɗin ruwa, yana juya ta gaba da baya, yana rantsuwa gidansa bai sha wannan ruwan ba.

Mu shida ne a gida. Wata uku a jere babu wanda ya leƙo mitarmu, kiyasi ake yi a aiko, ni kuma ina biya ba gardama, tunda kuɗin bai sha bamban da wanda na saba ba. A wata na huɗu mai duba mita ya zo. Takardar da ta biyo bayansa ta ninka ta kullum fiye da sau goma.

Mitar na fara zargi, kamar kowa. Mai gyaran famfo ya ce mu kulle duk famfunan gida, mu rufe makullin tankin ban-ɗaki, mu je mu tsaya a kanta. Ɗan tauraron nan da ke fuskar mita yana ta juyawa, alhali ko ɗigo ba ya fita a cikin gida. Ya dube ni ya ce, "Maigida, ruwa ba ya tsami banza." Da muka fasa simintin tsakar gida, sai ga bututun da ya taso daga mita ya tsage. Ba danshi a sama, ba kududdufi, ba ƙara. Ƙasa ce take shanyewa.

Ya tara bokiti, muka ga kusan lita 1 ke fita a minti. Ka yi lissafin tare da ni, ranka ya daɗe: lita 1,440 a rana, lita 43,200 a kwana 30, wato kubik mita 43, tunda kowace kubik mita lita 1,000 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lita 50 zuwa 100 a rana ke biya wa mutum ɗaya buƙatunsa na yau da kullum. Ko da kowannenmu ya kai lita 100, gidan mutum shida ba zai wuce kubik mita 18 a wata ba. Ke nan 'yar tsagar da yatsa zai toshe ta fi mu shan ruwa fiye da ninki biyu.

Mitar ba ta yi mini ƙarya ba, kuma zan faɗi gaskiyar da masu koke ba mu cika so ba: mita mai 'yar fanka a ciki da ruwa ke juyawa, idan ta tsufa, galibi rage lissafi take yi, ba ƙari ba. Sai dai inda ake ɗauke ruwa a dawo da shi, iskar da ta cika bututu takan riga ruwan isowa ta juya mitar, mutum ya biya kuɗin iska. Wannan ma ya cancanci kunnenka.

Na san ƙa'idar da aka karanta mini: daga babban bututu zuwa mita naku ne, daga mita zuwa cikin gida namu ne. Na yarda da ita. Famfon da nake gani yana ɗiga na ƙyale, ɗigo ɗaya a daƙiƙa, zai zubar da wajen lita 11,000 a shekara, kuma babu wanda zan ɗora wa laifin sai kaina. Haka tankin ban-ɗaki da ke tsiyaya dare da rana. Amma yoyon da ke ƙarƙashin ƙasa fa? Abu ɗaya ne kawai ya gan shi tun ranar farko, mitar nan. Mitar kuwa taku ce, duba ta aikinku ne. Da an duba ta a watan farko, da asarar ta tsaya a kubik mita 43. Sauran 129 ɗin, na wata ukun da suka biyo baya, rashin zuwan mai duba mita ne ya haifar da su, amma ni kaɗai aka ce in ɗauka.

Abin bai tsaya nan ba. Da yake farashi hawa-hawa ne, wanda ya sha da yawa ya biya da tsada, sai aka tattara ruwan wata huɗu aka jibga a wata ɗaya, ya haura mataki mafi tsada. An hukunta ni a matsayin almubazzari kan ruwan da ko wanke hannu ban yi da shi ba. Ka yi tunanin gidan haya mai mita ɗaya: wannan takarda kaɗai ta isa ta raba maƙwabtan shekara goma, kowa na zargin wankin ɗan'uwansa.

Ku ma kuna da yoyo. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2006 cewa fiye da kubik mita biliyan 32 na tsabtataccen ruwa ke zurarewa daga bututun biranen duniya duk shekara. Idan babban bututu ya fashe a titi ya yi mako yana ambaliya, ba a aika wa hukuma takarda. Asarar tana komawa cikin farashi, mu raba ta gaba ɗaya. Sassaucin da kuke samu, ina roƙon ku ɗan miƙo mana kaɗan daga ciki.

Ba sabon abu nake nema ba. A Ingila kamfanonin ruwa kan cire wa magidanci kuɗin ruwan da ya zurare idan ya gyara bututun cikin wa'adin da aka ba shi. Ka kafa irin wannan a rubuce: wanda yoyonsa ɓoyayye ne, ya gyara, ya kawo shaida, a mayar da shi kan abin da ya saba sha. A riƙa duba mita a kan lokaci, in kuma kiyasi aka yi a rubuta ɓaro-ɓaro cewa kiyasi ne. Mai duba mita da ya ga lamba ta yi tsalle ya ƙwanƙwasa ƙofa ya faɗa, ko a turo saƙo ta waya tun kafin takarda ta iso. Wanda ya yi shakkar mitarsa a gwada ta a gabansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne barazanar yanke ruwa alhali kokena na kan tebur ba a duba ba. Tun 28 ga Yuli, 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsabtataccen ruwa haƙƙin ɗan Adam ne. Yara huɗu ne a gidan nan. Na gyara bututun, na ajiye guntun da ya tsage da takardar mai gyara, kuma a shirye nake in biya ruwan da muka sha da na watan farko da ya zube. Ina roƙonka ka ba da umarni kada a taɓa famfon kowa sai an gama sauraron kokensa.

Na gode, Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani magidanci mai biyan kuɗin ruwa