Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sakataren Harkokin Wajen Amurka Kan Tsaron Jiragen Ruwa A Tekun Maliya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in tuna maka da zamanin da Amurka ba ta da ƙarfin kare ko jirgin kasuwa ɗaya a Bahar Rum.

Da kuka raba gari da Ingila, inuwar sojojin ruwanta ta janye daga kanku. Shi ya sa a yarjejeniyar 1778 wakilanku suka nemi Faransa ta shige muku gaba, aka rubuta a sashe na 8 cewa Sarkin Faransa zai sa baki wajen Sarkin Maroko da masu mulkin Aljiyas, Tunis da Tarabulus. Alkawarin bai tsinana abin kirki ba. A 1784 Maroko ta kama jirginku na kasuwa mai suna Betsey. A 1785 Aljiyas ta kama wasu jiragenku biyu, Maria da Dauphin, matuƙansu suka faɗa bauta, galibin waɗanda suka yi tsawon rai ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai 1796, bayan an biya maƙudan kuɗi.

Wadda ta taimaka aka saki Betsey ita ce Sifaniya, ƙasar da ba ku da yarjejeniyar ƙawance da ita, amma tana da fada a wajen Sarkin Maroko. Ta wannan ƙofa wakilinku Thomas Barclay ya isa Marrakesh a 1786, ya zauna da Sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi, aka ƙulla amana ba tare da harajin shekara ba. An sabunta ta a 1836, kuma har gobe tana aiki.

Ranka ya daɗe, abin da ke faruwa a mashigar Babul Mandab, ƙofar Tekun Maliya ta kudu, ya sa na kawo wannan tarihi. Daga Maris zuwa Mayun 2025 kun yi ta ruwan bama-bamai a Yemen kan mayaƙan Houthi masu kai wa jiragen ruwa hari, gomman mutane suka mutu a tashar Ras Isa kaɗai. Abin da ya tsayar da wutar shi ne shiga tsakanin Oman, wadda ita ce ma ta karɓo matuƙan jirgin kasuwa Galaxy Leader bayan sun haura shekara a hannun 'yan Houthi. Ban wanke 'yan Houthi ba. Harbin jirgin kasuwa zalunci ne. Amma sulhun na Mayu jiragenku kawai ya rufa wa asiri. A Yulin 2025 'yan Houthi suka nutsar da jiragen kasuwa Magic Seas da Eternity C, talakawan matuƙa, galibinsu 'yan Filifin, suka ɗanɗana kuɗarsu. Duk jirgin da ya guje wa Tekun Maliya ya kewaya ta kudancin Afirka kuwa, mai saye a kasuwa ne ke biyan kuɗin hanyar.

Roƙona shi ne ku koma wa Oman, ku ba ta cikakken goyon baya, a zauna a rubuta yarjejeniyar da za ta kare kowane jirgin kasuwa, ko tutar wace ƙasa ya ɗaga, tare da tanadin sakin duk matuƙin da aka kama.

Wassalam.