Wasiƙa zuwa ga ɗana kan kuɗin lauyan biza

Ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Amurka? Saƙonka ya iso, kuma mun yi murna da jin kamfanin ya amince zai nema maka bizar aiki ta H-1B. Allah ya tabbatar da alheri. Sai dai maganar da suka yi cewa za su riƙa cire kuɗin lauya daga albashinka kaɗan-kaɗan ba ta kwanta mini ba.

Wannan biza ba kai ke nemanta ba, kamfani ne ke roƙon USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ta bar shi ya ɗauke ka aiki. Shi ya sa dokar ƙasar ta ɗauki kuɗin lauyan da ya shirya takardun a matsayin hidimar kamfani. Kafin su shigar da buƙatar, sai sun sa hannu a gaban Ma'aikatar Ƙwadago cewa za su biya ka albashin da doka ta wajabta wa irin aikinka a garin da kake. Duk abin da suka zaftare da sunan lauya, in ya sa albashin ya gaza wannan adadi, sun karya doka. Akwai kuma kuɗin horar da ma'aikata, dala 750 ga kamfani mai ma'aikata 25 ko ƙasa da haka, dala 1,500 ga wanda ya fi. Wannan ko kai ka ce ka ji ka gani, an hana a karɓe shi daga hannunka.

Na san halinka, kana da kara, za ka ga kamar butulci ne ka yi musu tambaya alhali suna taimakonka. Ba alfarma suke maka ba, Abba, hannunka suke buƙata. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kamfanin da ya fara da ɗora maka nauyinsa, me zai yi ranar da aka zo maganar katin zama na dindindin? A can ma, tun 2007 matakin farko da ake kira PERM duk kuɗinsa na wuyan kamfani, har da na lauya.

Naka rabon yana nan. Kuɗin bizar matarka da yaro galibi kai za ka biya, haka kuɗin gaggauta takarda in don buƙatar kanka ce aka gaggauta.

Ka kula da lauyan kamfani. Zai yi maka fara'a, amma wanda ke biyansa shi ne gaba a wurinsa. Ka samu naka lauyan ya karanta maka yarjejeniyar kafin ka sa hannu, musamman layin da ke cewa za ka mayar da kuɗi in ka bar aiki da wuri. Doka ta hana cin ma'aikaci tara don ya tafi, amma ta bar ƙofar biyan diyyar da aka yi yarjejeniya a kanta, kuma masani ne kaɗai zai bambance maka su. Kuɗin naka lauyan ni zan biya.

Ka je wa ofishin kula da ma'aikata na kamfanin da ladabi, ka ce su rubuta maka wane kuɗi ne nasu, wane ne naka, ka ajiye takardar. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka kira ta ranar Juma'a.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka