Acker Bilk: mabushin da aka san kiɗansa fiye da sunansa

Ya Edita,

Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini don mu yi magana a kan mabusa, waɗanda shafukan nishaɗi kan tsallake su koma kan mawaƙa. Misalinmu shi ne Acker Bilk, Baturen Ingila mai busa kilarinet kuma shugaban ƙungiyar makaɗan jaz. Mutane da yawa sun taɓa jin busarsa mai suna "Stranger on the Shore" ba tare da sun san mai ita ba, balle wahalar da aka sha kafin sautin ya yi wannan laushi.

An haife shi ranar 28 ga Janairu, 1929, a ƙauyen Pensford da ke yankin Somerset. Tun yana yaro ya rasa haƙoran gaba biyu a faɗan makaranta, ya kuma rasa rabin yatsa a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara. Duk wanda ya san kilarinet ya san girman wannan asara, domin haƙoran sama ne ke dafe bakin kayan busar, yatsu kuma su ke toshe ramuka. Ya yi aiki a masana'antar taba a Bristol, sannan aka ɗauke shi aikin soja aka tura shi yankin mashigin Suwez a Masar. A can ya fara koyo da wata tsohuwar kilarinet da aka sayo a kasuwa. Da ya koma gida ya yi ƙira a wurin kawunsa, yana busa da dare.

A 1954 ya shiga ƙungiyar jaz ta mabushi Ken Colyer a Landan, daga baya ya kafa tasa, Paramount Jazz Band. Inda ƙungiyar ta nuna sosai shi ne Dusseldorf ta Jamus: mako shida suna kiɗa awa bakwai kowane dare, babu ranar hutu. Awa bakwai ba wasa ba ce. Leɓen ƙasa kan kumbura, tsokar gefen baki ta saki, iska ta fara zurarewa ta gefe. Wanda ke cizon bakin kayan da ƙarfi ba zai kai rabin dare ba, dole ya koyi tura iska daga ciki ya bar muƙamuƙi ya huta. A ganinmu daga nan sautinsa ya samo asali. A can kuma suka ɗauki shigar da aka san su da ita, falmaran mai ratsi da baƙar malafa mai zagaye.

A salon jaz na New Orleans da suke bi, tirampet ke jan waƙa, tirambon ya tokare ta daga ƙasa, kilarinet kuma ta riƙa zagayawa a sama. Bilk ya iya wannan, amma abin da ya fitar da shi daban shi ne saukowa can ƙasa, inda muryar kilarinet take da kauri da ɗumi, yana barin a ji hucin numfashinsa, yana kaɗa sautin a hankali. Da haka ya busa "Stranger on the Shore" a 1961, tare da masu goge na Leon Young. Da farko sunan 'yarsa ya sa wa kiɗan, aka canza lokacin da BBC ta ɗauke shi taken wani wasan talabijin. Ya shafe mako 55 a jerin faya-fayen da suka fi kasuwa a Birtaniya, ya kuma hau na ɗaya a Amurka a watan Mayun 1962. 'Yan sama jannatin Apollo 10 ma sun tafi da shi a kaset a 1969.

Matasanmu da ke koyon kilarinet a badujala da makarantu sukan so su kwaikwayi wannan sauti, sai ƙara mai tsini ta fito. Dalilan sanannu ne. Kilarinet gaɓa biyar gare ta, kuma harshen kara guda ɗaya ake ɗaurawa a bakinta, saɓanin algaita mai biyu. Mai koyo ya fara da harshe mai lamba 2 ko 2.5 (lambar na nuna taurinsa), ya jiƙa shi a ruwa kamar minti biyu, ya daidaita tsininsa da tsinin bakin kayan. In ya karkace ko ya bushe, sai kuwwa. In yatsa bai rufe rami ruf ba, ko fatar da ke ƙarƙashin maɓalli ta tsufa tana yoyon iska, ƙananan muryoyin ne ke fara ɓacewa, wato daidai inda Bilk ya fi zama. Wajen haɗa gaɓar sama da ta ƙasa a danne zobban sama tukuna, in ba haka ba ƙarfen da ke haɗa su ya lanƙwashe. Kada a fara kaɗa sauti sai an iya riƙe murya ɗaya tsaf na daƙiƙa 15 zuwa 20.

Masu ta katako su kula da hunturu. Baƙin itacen da ake yin ta da shi, wanda akasari daga Tanzaniya da Mozambik yake zuwa, yana tsagewa idan ciki ya jiƙe da numfashi waje kuma ya bushe ƙayau, kuma gaɓar sama ta fi kamuwa. A goge cikinta da ƙyalle bayan kowace busa, a mayar da ita akwati. Ga ɗan makaranta a Arewa, ta roba ta fi rufin asiri.

Zuwan kiɗan matasa irin na Beatles ya rage wa jaz ɗin gargajiya kasuwa, amma Bilk bai ajiye busa ba. Ya sake haskawa da kiɗan "Aria" a 1976, aka ba shi lambar girma ta Birtaniya, MBE, a 2001, ya warke daga ciwon dajin maƙogwaro ya koma dandali. Ya rasu a Bath ranar 2 ga Nuwamba, 2014, yana da shekara 85.

Muna fatan za ku ware wa mabusa da makaɗa fili ko sau ɗaya a wata, na waje da namu na gida, a riƙa bayanin kayan aikinsu dalla-dalla.

Naku,
Wasu malaman koyar da busa, Kaduna