Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Killace Manhajoji da Faɗaɗa Aikin Kanel

Ya ku 'yan uwa membobi, bayan gaisuwa da fatan alheri, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin abin da ƙungiyarmu ta yi a shekarar da ta ƙare. Kamar yadda babban taronmu na baya ya amince, mun ɗora ayyukanmu a kan tambaya guda: wace irin ƙofa ya kamata zuciyar babbar manhajar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira kanel, ta buɗe wa manhajar da ake son killacewa, wato a taƙaita abin da za ta iya yi, da kuma wadda ke son ƙara wa kanel ɗin aiki ba tare da an sake gina shi ba?

Zaman karatu ne ya cinye farkon shekara. Mun faro daga BPF, ƙaramar rariyar tace bayanan sadarwa da Steven McCanne da Van Jacobson suka bayyana a 1992, sannan muka bi sawunta zuwa seccomp na Linux, tsarin da ke taƙaita kiraye-kirayen da manhaja ke yi wa kanel domin neman ya yi mata aiki. Da seccomp ya shigo a 2005, kira huɗu kacal yake bar wa manhaja, wato read da write da exit da sigreturn, abin da ya sa kaɗan ne suka iya amfani da shi. Sai a 2012, cikin Linux 3.5, aka ba manhaja damar rubuta rariyarta da BPF. A nan membobi da dama suka fara ganin iyakar wannan hanya, domin rariyar kusan ba ta ganin komai sai lambar kiran da lambobin da aka miƙa tare da shi. Idan manhaja ta nemi buɗe fayil, adireshin wurin da aka ajiye sunan a ƙwaƙwalwa kawai rariyar ke gani, ba sunan fayil ɗin ba. Da gangan aka yi haka, saboda manhaja na iya sauya abin da ke wannan adireshi bayan an duba shi, kafin kanel ya yi aiki da shi.

Babban aikin hannu na shekarar shi ne killace wata ƙaramar manhajar sauya hotuna da membobi suka rubuta, kuma a nan ne muka sha wahalar da ya dace a faɗe ta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Rariyar da muka tsara tana mayar wa duk kiran da ba ta sani ba amsar EPERM, ma'ana an hana. Ta yi aiki lafiya har ranar da wani memba ya gwada ta a kwamfutar da ke ɗauke da sabon glibc, wato rumbun ayyukan da manhajoji ke bi ta cikinsa su kira kanel, sai manhajar ta tsaya cik, ta kasa buɗe ko zaren aiki ɗaya, wato reshen aiki da ke gudana a cikin manhajar. Mun ɗauki lokaci muna zargin manhajar, alhali laifin namu ne. Tun daga glibc 2.34, idan za a buɗe zaren aiki ana fara gwada kiran clone3, kuma ba a komawa tsohon clone sai idan amsar da ta dawo ENOSYS ce, wato babu irin wannan kira. Layi ɗaya muka gyara komai ya daidaita. Abin da ya fi damun kwamiti shi ne clone3 yana ɗauke da bayanansa cikin ƙunshi a ƙwaƙwalwa, inda seccomp ba ya iya leƙawa, don haka ba mu da zaɓi illa mu ce babu shi domin a koma hanyar da za mu iya dubawa.

Wannan tuntuɓe ne ya kai mu ga Landlock, wata hanyar killace manhaja, aikin Mickaël Salaün da ya shiga Linux 5.13 a 2021. Da kira uku manhaja take tsara dokokinta, ta ƙara musu sharuɗɗa, sannan ta ɗaure kanta, ba tare da neman ikon mai kula da kwamfuta ba, kuma ɗaurin yana bin duk 'ya'yan da ta haifa, ba ya kwancewa. Da shi muka taƙaita manhajarmu ga karatu daga jaka ɗaya da rubutu a wata. Mun kwatanta shi da pledge da unveil na OpenBSD, waɗanda suka fito a 2016 da 2018, inda mai rubuta manhaja ke faɗin alkawarinsa da 'yan kalmomi kamar stdio da rpath. Ra'ayin kwamiti a fili yake: ƙofar da ke magana da yaren da mai rubuta manhaja ke tunani da shi, wato fayiloli da jakunkuna, ta fi jure sauye-sauye fiye da wadda ke ƙirga lambobin kira. Ba mu jefar da seccomp ba, mun bar shi ne a aikin da ya iya, na rage yawan ƙofofin da mai kai hari zai iya ƙwanƙwasawa.

A ɓangaren faɗaɗa kanel, eBPF muka nazarta, wato BPF da aka faɗaɗa domin ɗora ƙananan shirye-shirye cikin kanel, wanda kiransa na bpf ya shigo Linux 3.18 a 2014 ta hannun Alexei Starovoitov da Daniel Borkmann. Membobi sun rubuta ƙananan shirye-shiryen bin diddigin buɗe fayiloli, kuma kusan kowa ya yi karo da mai tantancewa, wanda ke bin kowace hanyar da shiri zai iya ɗauka kafin ya yarda a ɗora shi. Wurin ajiyar wucin gadi bayit 512 ne kawai, kuma sai a Linux 5.3 aka halatta maimaitawa mai iyaka. An yi muhawara mai zafi kan ko ya dace a bar wanda ba shi da ikon mai kula da kwamfuta ya ɗora irin waɗannan shirye-shirye, ganin cewa bayan bayyanar raunin Spectre da ke cikin masarrafan kwamfuta a 2018, nau'o'in Linux da yawa sun rufe wannan dama. Masu cewa a rufe sun kafa hujja da Landlock kansa, wanda aka fara tsarawa a kan eBPF amma aka cire shi kafin a karɓi aikin. Ba a cim ma matsaya ba, kuma kwamiti bai ga dalilin tilasta ta ba.

Akwai abin da muka yi alkawari ba mu cika ba. Capsicum, tsarin killace manhaja na FreeBSD, sau ɗaya muka taɓa shi, a gurguje. Haka nan io_uring, hanyar tura wa kanel ayyuka a jere, wanda ayyukan da ake turawa ta cikinsa ba sa bi ta rariyar seccomp ɗaya bayan ɗaya. A yanzu toshe shi gaba ɗaya muka yi. Waɗannan biyu za mu sa a gaba a shekara mai kamawa, tare da gwada dokokin sadarwar TCP da Landlock ya samu a Linux 6.7. Memban da ke son jagorantar ɗaya daga ciki ya sanar da sakatare kafin babban taro.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gudanarwa